Yadda Ake Ziyartar Kogon Gabalaya a Lambun Kifi na Alƙahira

Duk wanda zama ya kama shi a Alƙahira, ko karatu ne ya kai shi Azhar, ko jinya, ko sarin kaya, akwai ranar da za ta zo masa babu abin yi. Likita ya ce a dawo bayan kwana huɗu, ko kaya ba su gama haɗuwa ba, ko makaranta ta ba da hutun tsakiyar shekara. Yawancin mutanenmu dalar Giza suke nufa a irin wannan rana, ko kasuwar Khan Khalili, kuma ba su yi laifi ba. Ni dai inda nake fara kai baƙona shi ne wani lambu da ke unguwar Zamalek, a kan tsibirin da ke tsakiyar Kogin Nilu, wanda Misirawa ke kira Ginenit el-Asmak, wato Lambun Kifi. A tsakiyarsa akwai wani tsauni mai koguna da lunguna da matakalai, wanda tun daga tushe har ƙoli magina ne suka ɗora shi da hannu fiye da shekara ɗari da hamsin da suka wuce.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka sa takalmi, shi ne ka cire kifi daga ranka. Sunan wurin yana sa mutum ya yi zaton zai tarar da manyan tankunan gilashi cike da kifaye masu launi irin na Dubai. Wanda ya je da wannan zato zai fito yana cewa an ɓata masa rana. Kifin da ya rage kaɗan ne. Abin kallon shi ne ginin kansa, kuma idan ka shiga da idon mai kallon gini, sa'a biyu ba za su ishe ka ba.

Ɗan tarihin da ya kamata ka riƙe

Khidiwi Isma'il (Khidiwi laƙabin mai mulkin Masar ne a lokacin), jikan Muhammad Ali Basha, ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879. A 1867 ya je babban baje kolin duniya da aka yi a Paris, ya ga yadda aka rushe tsoffin lungunan birnin aka shimfiɗa manyan tituna da lambuna. A wannan shekarar ce ma aka buɗe lambun Buttes-Chaumont a Paris, wanda aka yi a kan tsohon ramin haƙar dutse, aka ƙera masa kogo da ruwa mai kwararowa daga sama. Yin kogon hannu a cikin lambu tsohuwar al'ada ce ta sarakuna da attajiran Turai, musamman na Italiya tun ƙarni na 16, kuma a zamanin Isma'il abin ya sake zama yayi. Ya dawo gida da burin mayar da Alƙahira irin wancan birni. Ya ɗauko masu tsara lambu daga Faransa, cikinsu har da Barillet-Deschamps wanda ya yi aiki a lambunan Paris ɗin, ya kuma gina fada a wannan tsibiri, inda aka sauki Eugénie matar sarkin Faransa lokacin bikin buɗe mashigin Suwez a 1869. Fadar ita ce ta zama otal ɗin Marriott na yau. Kogon da muke magana a kansa, wanda ake lissafa tarihinsa daga 1867, wani yanki ne na lambunan da suka kewaye fadar.

Irin wannan kashe kuɗi ya jefa Masar cikin bashi. An sauke Isma'il a 1879, Turawan Ingila suka mamaye ƙasar a 1882. A 1902 ne wani Bature, Kyaftin Stanley Flower, wanda ke shugabantar gidan namun daji na Giza, ya sa tankunan kifi a cikin bangon kogon, aka buɗe wa jama'a. Ka ga ke nan kogon ya girmi kifin da shekara talatin da biyar.

Sunansa na ainihi Gabalaya. Misirawa suna furta jim kamar "g", don haka jabal, wato dutse, ya koma gabal a bakinsu, gabalaya kuwa ɗan tsauni. Titin da ya bi ta gefen lambun ya ɗauki sunan, har ta kai jaridun wasanni na Masar idan za su ambaci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar sai su ce "Gabalaya ta yanke hukunci", domin ofishinta ya daɗe a kan titin. Ofishin jakadancin Najeriya ma ya daɗe a kan wannan titi. Ɗalibai da yawa sun sha zuwa sabunta fasfo ko sa hannu a takarda, suka wuce ta gefen katangar lambun ba su san abin da ke bayanta ba.

Zaɓen rana da lokaci

Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce. Idan kana son ka ji shirun kogon, ka je tsakanin Lahadi da Alhamis, da hantsi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci iyalai ke cika wurin, yara suna tsere a cikin lungunan, muryoyinsu suna amsa kuwwa. Wannan ma yana da daɗinsa idan da yaranka ka zo, amma ba za ka samu tsayawa ka ƙare wa bango kallo ba. Kwanakin Sallah ƙarama da babba, da ranar Sham el-Nasim, bikin shigowar bazara da ke faɗowa ran Litinin bayan Istar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ko masaka tsinke ba a samu a lambunan Alƙahira. Ka bar wa 'yan gari waɗannan ranaku.

Wuri ne na yini, ana rufe shi kafin dare. Kada ka tsara zuwa bayan la'asar kana cewa rana ta yi sanyi, domin za ka iya tarar da ana shirin kulle ƙofa. Ranar da za ka je, ka duba lokacin buɗewa a Google Maps ko ka tambayi mai karɓar baƙi na masaukinka, saboda lokutan suna sauyawa da azumi da kuma tsakanin sanyi da zafi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yanayin ya fi daɗin yawo, sai dai cikin kogon yana da sanyi da laima, ka riƙe 'yar rigar sanyi. Tsakanin Maris da Mayu akan yi iskar hamsin mai ƙura da zafi. Ranar da ka ga sama ta yi ja, ka ɗaga tafiyar. A Yuni da Yuli da Agusta kuwa rana tana dukan gaske, kuma a lokacin ne za ka fi gode wa wanda ya yi ginin, don da ka sa kai ciki za ka ji kamar an yaye maka bargo.

Abin da za ka riƙe

Takalmi shi ne kan gaba. Matakalan kogon ba ɗaya suke ba, wata doguwa wata gajera, wasu sun side saboda sawun mutane, kuma inda ruwa ya jiƙa akwai santsi. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su dace ba. Ka sa kambas ko sandal mai kama ƙafa. Mai babbar riga ya haƙura da ita ranar, kaftani ya wadatar. Mace mai doguwar abaya ta riƙa tattare bakinta a kan matakala, hannu ɗaya kuma ya zama a sake don dafa bango.

Sai canji. Misirawa suna ce masa fakka, kuma neman sa ya zama ruwan dare a garin. Ka tanadi ƙananan takardun fam, kuɗin Masar, kafin ka fito, kada ka miƙa wa mai tikiti babbar takarda. Ka ɗauki ruwan sha, da tishu, da ɗan sabulu ko man goge hannu. Hula ko ɗankwali ba don rana kaɗai ba, za ka ji dalili in mun shiga ciki. Wayarka ta kasance da caji domin tocilarta za ta yi amfani. Ka riƙe fasfo ko katin zama, ɗalibi kuma ya haɗa da katin makaranta. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa ko kusa, dokar Masar ta hana shi ba tare da izini ba, kuma ba a wasa da ita.

Hanya

Wanda ke Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, ko ko'ina a unguwar Abbasiyya ya fi kowa sauƙi. Ya shiga metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, layi na uku daga tashar Abbasiyya ko Abdu Basha, jirgin da ya nufi yamma, ya wuce Ataba da Nasser da Maspero, ya sauka a tashar Safaa Hegazy. Babu canjin jirgi. Wannan tasha tana cikin Zamalek, an buɗe ta a 2022. Kuɗin tikiti yana bin yawan tashoshi, don haka ka faɗa wa mai sayarwa sunan inda za ka sauka, kuma ka adana tikitin domin da shi za ka fita. Mata suna da taragunsu na daban a tsakiyar jirgin, akwai alama a kan dandamali. Namiji ya kula kada gaggawa ta sa ya faɗa ciki.

Idan ka fito daga tashar, ka nufi kudu har ka iso titin 26 ga Yuli, babban titin da gada ke bi ta samansa. Ka tsallaka, ka yi yamma zuwa bakin ruwa, sannan ka bi gefen kogin ka ci gaba da yin kudu. Wannan siririn reshen Nilu da ke hannun damanka shi ake kira Bahrul A'ama, unguwar da ke tsallake kuma Aguza ce. Tafiyar ba ta wuce ta kwata zuwa sulusin sa'a ga mai lafiya, kuma yawancinta a inuwar bishiyoyi ne. Lambun zai bayyana a hannun hagu.

Wanda ke wajen dandalin Tahrir na tsakiyar gari zai iya shiga layi na biyu daga tashar Sadat ya sauka a Opera, tasha ɗaya ce tak. Sai dai daga nan tafiyar ƙasa ta fi tsawo, gara ya ƙarasa da tasi. Mazauna Madinat Nasr, irin su Hayyul Ashir, su hau mota zuwa tashar layi na uku mafi kusa da su, ya fi musu araha da sauri a kan ratsa tsakiyar gari da mota.

In da dattijo ko mara lafiya kake tafe, ka kira Uber ko Careem kawai. Ka rubuta sunan da Turanci, Aquarium Grotto Garden, taswira za ta kawo shi. Idan farar tasi ka tare a titi, ka ce wa direba "Ginenit el-Asmak, Zamalek, shari' el-Gabalaya", kuma kafin mota ta motsa ka tabbata ya kunna mita, wadda suke kira addad. In ya ce ta lalace, ku yi ciniki tun a nan ko ka sauka ka tari wata. Na taɓa yin sakaci da wannan sau ɗaya, muka isa bakin ƙofa direba ya faɗi kuɗin da ya ninka na gaskiya sau uku, ga baƙo a gefena, dole na biya don kada a tara mana jama'a.

Zamalek unguwar ofisoshin jakadanci ce, kusan kowace kwana akwai ɗan sanda a zaune. Ka bar wayarka a aljihu har sai ka shiga lambun. Kada ka ɗauki hoton gini mai tuta ko shingen jami'an tsaro.

A bakin ƙofa

Akwai tagar sayar da tikiti, tazkara a bakinsu. Kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, haka tsarin yake a wuraren yawon buɗe ido na Masar, kada ka ɗauka kai aka raina. Duk da haka ba kuɗi ne mai nauyi ba. Ɗalibi ya nuna katinsa ya yi tambaya cikin ladabi, in an rage masa to, in ba a rage ba ya biya. Mai babbar kyamara ya faɗa tun a nan, domin akan karɓi kuɗinta daban, kuma ya fi kyau ka biya a taga da a tare ka a ciki. Ka yi sallama, ka ce "sabahul khair". Misirawa mutane ne masu son a fara da gaisuwa, kamar mu.

Kada ka yi sauri ka faɗa kogon. Faɗin lambun kusan eka tara da rabi ne, ka fara zagaya tsaunin ta waje sau ɗaya. Daga nesa za ka rantse dutse ne da Allah ya dasa a wurin, launin ƙasa-ƙasa, duk ramuka da tsagogi, bishiyoyi sun fito ta jikinsa. Amma ka tuna inda kake tsaye: tsibiri ne na laka da yashin da Nilu ya tara, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, babu dalilin da zai sa dutse ya tsiro a nan. Duk abin da kake gani ɗauko shi aka yi aka kawo. Misirawa sukan ce an tsara mashigar ne ta yi kama da tsagar da ke gefen kan kifi, wadda yake numfashi da ita. Ka ja baya ka duba da kanka. Zagayen zai kuma nuna maka ƙofofin, saboda in ka shiga za ka san ta inda za ka ɓullo.

Cikin kogon

Da ka shiga, ka tsaya cik kamar minti ɗaya. Idonka ya taho daga hasken rana, ba zai ga komai ba da farko, kuma a wannan minti ne mutane ke tuntuɓe. Kada ka kunna tocila tukuna. Ka bari duhun ya washe da kansa, sai ka ga ashe ba duhu ba ne sosai: an bar ƙofofi da ramuka a sama da gefe, haske yana zubowa ta cikinsu tsaye kamar igiya, ya sauka a ƙasa ko a jikin ginshiƙi. Ta waɗannan ramuka iska ke shiga, shi ya sa ciki ke da sanyi ko a tsakiyar Yuli. Idan babu hayaniya ka kasa kunne, za ka ji iskar tana gunji a hankali a cikin lungunan.

Yanzu ɗaga kai. Rufin ya yi ƙundu, daga jikinsa duwatsu masu tsini suna rataye kamar hantsar saniya. A kogon gaske ɗigon ruwa ne ke yin irin waɗannan cikin dubban shekaru. A nan magini ne ya tsaya a kan tsani ya mulmula kowane ɗaya.

Wanda ya koya mini kallon wurin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tsohon magini, da ya zo aikin ido. An yi masa ido ɗaya, ana jiran ranar duba shi, zaman ɗaki ya ishe shi, na ɗauko shi muka zo. Ina riƙe da hannunsa muka shiga. Ban ce masa komai game da tarihin wurin ba. Ya saki hannuna ya dafa bango don ya huta, sai na ga ya tsaya yana shafawa, yana bin wani layi da ɗan yatsa tun daga kafaɗarsa har ƙasa. Can ya ce, "Ɗana, zo ka taɓa nan." Na taɓa. Ya ce, "Ka ji inda aka tsaya jiya aka ɗora yau? Kwaɓin bai zama ɗaya ba. Wannan aikin hannu ne, kuma mai hannun ya san abin da yake yi." Na ce, "Haka ne, Kawu, gini ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan maza." Mun fi rabin sa'a a wannan lungu ɗaya, yana nuna mini inda aka cusa ƙananan duwatsu a cikin kwaɓi tun yana ɗanye, da inda aka lanƙwasa baka don ta ɗauki nauyin abin da ke sama, irin yadda bakan gizo ke riƙe rufin soro a gida.

Haka nake so ka yi. Ka zaɓi bango ɗaya ka matsa kusa. Ka kunna tocilar waya ka haska shi ta gefe, kada ka haska shi kai tsaye, domin hasken gefe ne ke fito da tabon hannu da sawun kayan aiki. Ka nemi inda fatar ginin ta ɓare, za ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Ka taɓa a hankali, amma kada ka ɓantari komai, kuma kada ka bari yaro ya yi lilo da masu tsinin nan. Za ka ga sunaye da zane-zanen zuciya da mutane suka kankara a jiki. Abin yana ci mini rai duk zuwan da na yi. Kada ka ƙara naka.

Hanyoyin ciki suna rabuwa suna haɗuwa, wata ta hau wata ta gangara. Ba za ka ɓata ba, wurin bai kai haka girma ba, kowane lungu yana ƙarewa da haske. Dabarar da nake bi ita ce in riƙa bin hannun dama har in dawo inda na fara, sannan in sake shiga in bi waɗanda na tsallake. Yara dai a riƙe hannunsu, saboda akwai tagogi da gefuna masu zurfi, kuma yaro in ya ga lungu gudu yake so.

Tankunan kifin suna cikin bango, an yi musu baki da dutse kamar tagogi. Da yawa babu ruwa a ciki. Waɗanda ke da ruwa za ka ga kifayen da ba baƙi ba ne a wurinka, irin su tarwaɗa da karfasa, da ƙananan kifayen ado. Akwai kuma waɗanda aka busar ko aka adana a cikin kwalabe da ruwan magani, da kunkuru da sauran halittun ruwa. Ka duba su, musamman in da yara, amma kada ka ƙwanƙwasa gilashi kuma kada ka haska musu fitila a ido. Ka lura da yadda aka sa haske ya faɗo ta saman tankin alhali kai kana tsaye a duhu. Dabarar masu gidan kifi ce ta wancan zamani, don mai kallo ya ji kamar yana ƙarƙashin ruwa.

Maganar jemagu

Kafin ka gan su za ka ji su: wani tsiwa-tsiwa daga can sama, da wari mai ɗan kauri a wasu lungunan. Jemagu sun mayar da rufin kogon gidansu, suna rataye a inda ya fi duhu da tsawo. Ba sa kula mutane in ba a tsokane su ba. Kada ka dalle su da tocila, kada ka yi tafi ko ihu don su tashi, kuma ka hana yara jifa. Ga amfanin hular da na ce ka riƙe: abin da suke zubarwa daga sama yake zuwa. In ka ga ƙasa ta yi baƙi-baƙi a wani wuri, kada ka tsaya a nan, ka wuce. Idan ka ga ɗaya ya faɗo ƙasa kada ka taɓa shi da hannu, ka gaya wa ma'aikaci. Mai asma ko ciwon ƙirji kada ya daɗe a lungunan da warin ya yi yawa. In kun fito kowa ya wanke hannu kafin a ci wani abu.

Hawa sama

Akwai matakalai da ke kai wa saman tsaunin. A nan ne takalminka zai yi aikinsa. Ka hau a hankali, kana dafa bango, kuma ka ba masu saukowa hanya domin wasu wuraren mutum ɗaya suke ɗauka. Dattijo mai ciwon gwiwa ko wanda bai daɗe da tiyata ba ya zauna a ƙasa, akwai kujeru a inuwa. Kawu bai hau ba, na bar shi a kan benci da gorar ruwa.

A sama za ka ga ramukan da hasken ke bi, ka leƙa ka ga mutane suna wucewa a ƙarƙashin ƙafarka. A nan ne za ka gane yadda aka tsara abin gaba ɗaya, wane rami ke haska wane lungu. Ka duba kewaye kuma: tsoffin bishiyoyi da dogayen dabinai na ado, benayen Zamalek, da hayaniyar motoci da ke zuwa kamar daga wata duniya.

Lambun ya yi suna a matsayin matattarar masoya, har tsoffin finafinan Masar sun sha ɗaukar fitowa a cikinsa. Za ka ga samari da 'yan mata zaune bibbiyu, da masu baiko sun zo hoto da kwalliyarsu. Ka kawar da kai ka yi abin da ya kawo ka. Kada ka ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, balle mata da yara. In kana son hoton wani lungu kuma akwai mutane, ka jira su wuce ko ka ce "ba'ad iznak", za su matsa maka. Su ma matasa wani lokaci sukan nemi hoto da kai don sun ga baƙo. In ba ka so, ka ɗora hannu a ƙirji ka ce "shukran" da fara'a, ya wadatar.

Bayan ka sauko ka zagaya ta wajen tafkin, inda agwagi ke iyo, ka zauna ka huta. Sauro yana nan kusa da ruwa, musamman da zafi. Sharar da ka tara ka fita da ita in ba ka ga kwando ba.

Salla, abinci da komawa

In azahar ta same ka, ka koma ta hanyar da ka zo. A ƙarshen titin 26 ga Yuli, daf da gadar 15 ga Mayu, akwai Masallacin Zamalek, kusa da cibiyar al'adu ta Saƙiyatus Sawi. Yana da wurin alwala. Daga nan ka bi titin ka yi gabas, akwai gidajen abinci iri-iri. Zamalek unguwar masu kuɗi ce, wasu wuraren farashinsu zai ba ka mamaki, don haka ka duba takardar farashi kafin ka zauna. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana ƙosarwa kuma ba ya cin aljihu. Haka ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Misirawa, a cikin burodi. In ka samu mai matse rake, ka ce "asab", ka sha a tsaye kafin ya canza launi.

Mai sauran ƙarfi zai iya haɗawa da Hasumiyar Alƙahira da ke kudancin tsibirin, mai tsawon mita 187, wadda aka kammala a 1961. Daga samanta ana ganin tsibirin duka, ka nemi ɗan kurmin da ka fito daga cikinsa. Amma in da dattijo kake, kogon kaɗai ya isa yini guda.

Ka yi ƙoƙari ka bar tsibirin kafin ƙarfe uku na rana. Daga nan ma'aikata da 'yan makaranta ke tashi, gadojin da ke haɗa Zamalek da gari suna cushewa, tafiyar minti ashirin ta koma ta sa'a ɗaya da rabi. In lokaci ya riga ya ƙure maka, ka bar tasi ka gangara tashar Safaa Hegazy, ka tsaya a dandamalin jirgin da ke nufar Adly Mansour, shi ne zai mayar da kai Ataba da Abbasiyya.